Gwaiba Ce a Tukunyar Malam

Gwaggo Dijatu, don Allah ki taimake ni, na yi wata ƙarya, ga shi har ta fara fure.

Shekararmu talatin da ɗaya da maigidana a nan unguwar Zongo ta birnin Kwatano. Ɗanmu Fa'izu yana karatu a Kanada, shekara huɗu ba mu sa shi a ido ba. Ya taɓa aiko wa babansa ƙwallayen wani itacen can, abiriko, wai irin mai jure ƙanƙara. Malam ya ce abin da ya jure ƙanƙara, ai zafin Kwatano wasa ne a wurinsa. Ya shuka a tukunya, ɗaya ya tsiro. Tun da idonsa ya yi rauni ya daina zuwa kasuwar shanu, tsiron nan ya zama aikinsa. Har ƙanƙarar firijina yake ɗiba ya jera masa a gindi, yana ba shi labarin unguwa kamar Fa'izun ne a zaune.

Bara ya tafi ta'aziyya arewa sati biyu, tsiron ya bushe a hannuna. Wallahi ban yi sakaci ba. Hankalina ya tashi, na nemo dashen gwaiba mai tsayinsa na sa a tukunyar. Da ya dawo ya shafa, ya yi hamdala. Yanzu ga fure ya fito, har ya yi wa abokansa na masallaci alkawarin ɗanɗano. Ban taɓa ɓoye wa mutumin nan komai ba, ina son sa, ba na so in karya masa zuciya. In faɗa masa, ko in riƙa tsinke furen a ɓoye?

Mai damuwa, Zongo

'Yar'uwa, kin ba ni dariya, kin kuma ba ni tausayi. Da farko ki daina zargin kanki. Itacen nan ba jure sanyi kawai yake ba, bukatarsa yake yi, wata da watanni. A Kwatano ko a hannun wa yake da wuya ya rayu.

Ƙauna ce ta sa ki, na yarda, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada ki taɓa furen nan. Ki faɗa masa cikin satin nan, ke da shi, bayan ya ci ya ƙoshi. In ya yi fushi haƙƙinsa ne, ki ba shi haƙuri. Ki kuma sa Fa'izu ya riƙa kira duk Juma'a, don kewar ɗansa ce ke cin sa.

Sai dai idon Malam ne ya yi rauni, hancinsa lafiya lau. Wanda ya shekara yana shafa ganyen gwaiba kullum ba zai kasa gane ƙamshinsa ba. Ina kyautata zaton ya daɗe da sani, ya yi shiru ne don kada ke ki ji kunya. Allah ya bar ku tare.