Gawon Garkata da Shanun Manu

Malam Manzo, mai filin shawara,

Don Allah ka agaza mini, al'amari ya sha mini kai. Ina da garka a bakin kwari kusa da Dogo-Dogo, mangwaro da lemo da 'yar gwaiba. Wasu sun fara haihuwa, wasu ko kafaɗata ba su kai ba. Tun da farin nan ya ƙone gero, garkar ce rumbunmu. A gabas da ita akwai jerin gawo tun na zamanin mahaifina, su ke tare iskar farkon damina, wadda kan kaɗe 'ya'ya ta karya rassa. Maƙwabcina ba shi da wannan kariya, bara da idona na ga mangwaronsa kwance, saiwa a sama.

To, ina da amini, Manu, Bafillace mai noma da kiwo. Kowane rani shanunsa a gonata suke kwana su bar mini taki. Da uwar 'yata Kadi ta rasu ta bar ta jaririya, nonon shanunsa ta sha har ta yi ƙafa, kuma ban taɓa jin ya ambata ba. Yau garken ya ƙare, saura 'yan kaɗan, akwai wadda sai an ɗaga ta da itace take tashi. Ba ciyawa, ba kara, har jinkar ɗaki sun cinye. Ɗanyen ganye a karkararmu sai a kan gawona.

Bai roƙe ni ba, Malam, abin da ke cin raina ke nan. Da la'asar yakan kawo su su tsinci 'ya'yan gawon da suka faɗo, mu gaisa, ya tambayi lafiyar Kadi, amma ko ɗaga kai ba ya yi ya dubi itacen. Matata Ɗela ta ce in na sare gawon iska ta kwashe mangwaro, me yara za su ci? Gaskiyarta, ita ke tsaye kan tukunya. Ni kuwa ina ban ruwa ina jin kamar ɓarawo a garkata. In na hana, da wane ido zan dubi Manu? In na sare, me zan ce wa Ɗela?

Ni ne,
Mai Garkar Kwari

AMSA

Ɗan'uwa Mai Garka, Allah ya saka maka da wannan zuciya. Ɗela ba rowa take ba, tsoron yunwa ne, kuma tana da hujja. Kai ma ba wauta ke damunka ba. Sai dai ku biyun kun tsorata har kun manta halin gawo, ku da kuka girma a gindinsa. Da ruwa ya sauka ganyen nan zubewa zai yi ko ba wanda ya taɓa shi. Abin da ya daɗe yana karya muku ƙarfin iska shi ne gangar jiki da manyan rassa, su kuwa saniya ba ta cin su.

Saboda haka kada gatari ya taɓa babban reshe ko ɗaya. A kakkaɓe wa shanun 'ya'yan gawon da sanda, a yanki ƙananan rassa kaɗan-kaɗan, yau wannan itace gobe wancan, a bar fuskar gabas yadda take. Ka fara sanar da ma'aikatan gandun daji, don gawo ba a taɓa shi da ka. In shanu sun cinye ganyen, ƙayar da ta rage a jera ta tsakanin gawo da gawo ta toshe kafar iska ta ƙasa. Ƙananan itatuwan garkar a kafa musu turke a ɗaure da igiyar kaba, ba tamau ba. Reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi a tokare shi, 'ya'yan da suka ƙosa a tsinke tun hadari bai haɗu ba. Kashin shanun kuwa a zagaye gindin itatuwa da shi, laima za ta daɗe, ka huta da guga.

Ba zan ruɗe ka ba, kariyar bana ba za ta kai ta bara ba, wataƙila ku rasa wani abu. Ka faɗa wa Ɗela haka tun yanzu, ka kai ta garkar ta nuna da hannunta rassan da ba ta yarda a taɓa ba.

Saura Manu. In ka je masa da sunan taimako, zai yi godiya ya ce shanunsa lafiya lau, ya koma yana jan mushe. Ka je a matsayin mai buƙata, ai kuwa mai buƙatar ne kai. Ka ce garkarka na son taki, kuma hawan gawo ya fi ƙarfinka, ya rufa maka asiri ya kawo shanunsa. Mutumin da ba ya iya roƙo, ba ya kuma iya hana amini. Gobe da sassafe ka je, saniyar da ake ɗagawa da itace ba za ta jira ka gama tunani ba.

Allah ya saukar da ruwa mai albarka, ya tsayar da itatuwanka, ya tashi shanun Manu. A gaida Ɗela da Kadi.

Malam Manzo