Inda Allura Take Maƙalewa

Memphis, watan Yuni

Zuwa ga ƙanwata Vernell,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma gwiwar nan taki ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya, ban da zafi da ya sako mu gaba.

Na ji katsalandan ɗin da kika yi min. Jikata Jalisa ta zo hutu, ta ce tana so ta fara sauraron kiɗan soul, kuma ni ta tambaya da wane faifan garmaho za ta fara. Ni fa. Sai ga ki daga Detroit kin bugo mata waya, wai ta fara da mawaƙanku na can, masu kwat iri ɗaya suna rausaya kamar 'yan makaranta. Haba Vernell! A nan aka yanke miki cibiya. Mai koyo da namu zai fara, inda masu busa ke tsaga kunne, mawaƙi yana gumi kamar mai wa'azin Lahadi. In ta ƙoshi da nama ta je ta sha alewarku.

Na buɗe mata kabad ɗin faya-fayan mijina Lucius, na ce ta riƙa kama su ta gefe, ta ji kowanne gaba da baya. Yarinyar akwai kunne, sai dai rawar kai.

Kin tambayi jikin maigidan. Lucius yana ci yana sha, amma mantuwar ta ƙaru. Rabon da ya kira sunana tun lokacin sanyi. Ranar Asabar kaɗai nake da miji. Da safe in ina shara nakan sa masa faifan Roscoe Dell, wanda ya yi waƙa a cocinmu kafin ya koma gidajen rawa. Sai ya tashi ya kama hannuna mu ɗan taka. Waƙa na ƙarewa ya koma kujerarsa yana min kallon baƙuwa.

Ki gaida kowa, ki kuma daina koya wa jikata shirme.

Yayarki,
Odessa

Memphis, watan Yuli

Vernell,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni dai raina a ɓace yake, kuma ke ma da hannunki a ciki.

Kin san faifan Roscoe yana da ƙwarzane a tsakiya tun muna amare. Allura na kaiwa wurin sai ta maƙale, ya yi ta nanata kalma ɗaya. Nan Lucius yake buga ƙafa a katakon ɗakin, allura ta yi tsalle, waƙa ta ci gaba, shi kuma ya miƙe. Na yi mitar bugun nan har na gaji.

To, ke kika ce wa Jalisa faifai mai ƙwarzane shara ne. Yarinya ta ɗauke shi ba da sanina ba, ta kai shagon tsofaffin faifai, ta musanyo shi da mai kyau. Ta shigo tana washe baki. "Kaka, rufe idonki! Ga sabo fil, ko tabo babu. Wancan ai ya mutu, ku tsofaffi ba kwa rabuwa da tarkace."

Ranar Asabar na sa shi. Da waƙar ta kusa wurin, Lucius ya ɗaga ƙafa yana jira. Waƙa ta wuce sumul. Vernell, ƙafar nan tana sama har faifan ya ƙare. Sannan ya sauke ta a hankali, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, an gama abinci?"

Na shiga kicin na yi kuka, na fito na wanke yarinyar tas. Muka tafi shagon, ban ko canza takalmin gida ba. Mai shagon ya ce ya zuba shi cikin kwandon araha, wani matafiyi ya kwashe duka. Har yana min dariya, wai bai taɓa ganin mai neman lalatacce alhali tana da mai kyau ba.

Jalisa ta ƙi cin tarwaɗar da na soya. Ni ma ban ci ba. Kada ki bugo, ba zan ɗauka ba.

Odessa

Memphis, watan Agusta

Ƙanwata Vernell,

Barka da war haka. Ya gwiwa? Na ga kiranki, da gangan na ƙi ɗauka.

Asabar ta yi ta zuwa tana wucewa, Lucius bai tashi ba. Ni kuma na hana Jalisa taɓa kabad. Ashe in na tafi coci sai ta zauna ta yi ta juya faifan nan. Jiya da safe ta tare ni da tsintsiya a hannuna. "Kaka, ki zage ni daga baya. Yanzu dai tsaya a gabansa."

Ta durƙusa gindin garmaho ta sa faifan. Da aka kai wurin, sai ta sa ɗan yatsa ta mayar da allurar baya, ta sake, ta sake. Roscoe ya yi ta nanata kalmarsa daidai inda ya saba. Yarinyar da ban yarda ta san komai ba! Lucius ya ɗaga ƙafa ya doka ta a ƙasa har kofuna suka yi ƙara. Jalisa ta janye hannu, waƙa ta ci gaba.

Ya miƙe, Vernell. Ya kama hannuna, ya dube ni cikin ido, ya yi murmushin nan nasa na da. Sannan ya buɗe baki ya ce, "Vernell, kin iya rawa."

Kin ji. Ni nake masa wanka, ni nake yanke masa farce, amma da bakinsa ya buɗe sunanki ne ya fito. Ji na yi kamar in kwaɗa masa tsintsiyar. Jalisa ta zuba min ido, waƙa kuma saura kaɗan ta ƙare.

Na ce, "Na'am, Lucius." Na kwantar da kaina a kafaɗarsa, na yi rawa da mijina da sunanki.

Ki kula da kanki.

Yayarki mai jin haushinki,
Odessa