Teburin Inna

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu ma lafiya, sai dai Inna da har yanzu hannunta na hagu bai saki ba. Na gaya maka ne don ka sani, tunda ba ka tambaya.

Na rubuto ne saboda ba ka ɗaukar wayata. Jiya na je gidanka ban sami kowa ba sai mai gadi. Na zagaya baya neman famfo, sai ga teburin cin abincin Inna a jikin katanga, kusa da injin wuta. Auta, ba ka ji kunya ba? Teburin da ka kusa yi mana kuka a kansa ranar da muka taso ta daga gidanta, wai falonka ya fi fili! Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, samansa ya yi fari ya tattsage, an jera galan-galan na baƙin mai a kai. Kujerun kuwa an kife su kamar kayan bola, biyu ƙafafunsu na lilo, ɗaya gara ta fara ci.

Na kira mai mota na kwashe su. Ban nemi izininka ba, ba kuma zan nema ba. Tun da Inna ta dawo wurina a kan gado take cin abinci, ta yi loma biyu ta ture kwano, ta ce ita ba 'yar asibiti ba ce. Zan gyara mata abinta.

Ka gaida yara.
Yayarka.

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Kawu ya kawo min saƙonka, har da kalmar sata. Na gode. Ai ɗan da ka goya shi ya san inda bayanka yake ciwo.

Bari ka ji abin da ɓarauniyar ta yi. Kafintan layinmu ya sa wa ƙafafun gam ya ɗaure su, ya yanke inda gara ta ci ya yi ƙari. Sauran aikin da hannuna na yi shi, bayan na taso daga shago. Na wanke teburin da ruwan ɗumi da sabulu har ruwan ya koma kamar na kwata. Da ya bushe na bi shi da sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi, ina bin jijiyar katakon kamar yadda kafintan ya nuna min. Tafin hannuna duk bororo, ƙura har cikin kunne. Baƙin manka ya shiga katako sosai, a kusurwa ɗaya ya ƙi fita, haka na bar shi. Da na shafa folish na farko jan katakon ya fito, Inna tana zaune a bakin ƙofa ta ce, "Yauwa, shi ne wannan." Daga nan ta hau ba ni umarni, wai na bar gefe, wai hannuna ya cika nauyi. Rabon da in ji ta yi faɗa tun kafin ciwon.

Kuskurena ɗaya, na tura hotonsa ga dangi. Matarka ta gani yana sheƙi, shi ne yanzu ya zama gado, wai kason namiji. Gadon wa, Auta? Inna tana raye, tana numfashi, jiya ma har ƙari ta nema. Ka yi haƙuri, ba ta mutu da wuri yadda zai yi maka daidai ba.

Wassalam.
Yayarka.

Auta,

Ina gaisuwa, don Inna ta hore mu da ita. Lafiyarka kuwa na san kana da ita, tunda har ka iya turo mota da ƙarti uku gidana.

Ban hana su shiga ba. Sun tarar da Inna a kan tebur tana karyawa. Babbansu ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayani yana sosa ƙeya. Ta saurare shi har ya gama, ta ɗauko hannun nan mara motsi da na dama ta ɗora a kan katakon, ta ce su ɗauka, amma su haɗa da ita, a ajiye su tare a bayan gidan, kusa da injin. Mutumin ya dubi 'yan'uwansa, ya ce shi ma yana da uwa. Suka fita ko ruwa ba su sha ba.

Bayan tafiyarsu ta bar shayinta har ya huce. Can ta tambaye ni ko ka ba su saƙon gaisuwa gare ta.

Na ce mata a'a.

Kada ka sake aiko min Kawu.

Yayarka.