Kotone Ta Iya Dafa Shinkafa

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Yaya Baba da kwalekwalensa? Busasshen kifin da kika aiko ya iso, mun gode.

Mu a nan birnin Nagoya lafiya lau muke. Jikarki Kotone ita kaɗai take tafiya makaranta yanzu ba rakiya, duk da shekararta shida. Na koya mata dafa shinkafa da shanya wanki. Ranar Asabar na aike ta sayo awara, na bi ta a ɓoye, sai na ga ta faɗi a bakin shago. Na daure ban ruga ba. Ta tashi da kanta, ta kakkaɓe siket.

Maƙwabciyata takan ce, "Fumie, ke uwa ce ko soja?" Dariya kawai nake yi. Ba ta san likita ya ga wani abu a ƙirjina ba. Kada hankalinki ya tashi, Inna, sun ce aikin tiyatar da za a yi mini ƙarami ne. Sai dai tun rasuwar babanta Kotone ba ta da kowa a nan sai ni, shi ya sa nake saurin koya mata komai.

Jiya ta kawo mini miya har gado, ta ce, "Mama, kwanta abinki, na iya komai." Amma har yau ba ta iya ɗaure gashinta ba.

Idan Baba zai jure kwana goma babu ke, ki zo kafin ƙarshen wata. Ba don ni ba, don gashin nan.

'Yarki,
Fumie