Bidiyon da Ke Son Mutum Biyu

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ya ce in riƙa rubutu, wai yana rage tunani. To ga shi ina yi. Hannun dama lafiyarsa ƙalau. Na hagun ne matsalar. Tun da ɓarin jikin ya shanye, ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannun ne ya ƙi. Yana nan kan cinyata kamar guntun katakon da wani ya manta.

Ni kafinta ne. Hagu ke riƙe ƙusa, dama ta buga.

Laraba, 3 ga Satumba

'Yata Auta ta kai ni ɗakin gashin ƙashi a asibiti. Manya-manyan mutane a jere kan benci, kowa na matsa ƙwallon roba, ana yi musu tafi. Har da wani da na taɓa yi wa kujerun falo. Ya dube ni ya ce, "Oga, kai ma?"

Ba zan koma ba.

Likitar gashin ta biyo mu har bakin ƙofa. Ta ce akwai bidiyoyin motsa hannu da ƙungiyarsu ta sa a intanet, kyauta, kowa ya ɗauka. "Baba, in ba za ka zo ba, to ka bi su. Daga na ɗaya, kada ka tsallake. Yatsun nan in suka sandare a lanƙwashe, shi ke nan." Na ce na ji.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je shago. Dogo ke riƙe da wurin, shi ne babba a cikin ma'aikatana. Aiki na tafiya. Ban san ko daɗi ya kamata in ji ba.

Da na shigo kowa ya rage ƙarar aikinsa, kamar an shigo da gawa.

Siton baya yana da sakata ta ciki, ba taga. A nan zan yi abin. Ba mai kallo, ba mai tafi. Sai dai sabis ba ya shiga, ko waya ba ta kamawa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na ɗauko kwamfutar da nake nuna wa masu saye zanen gadaje. A gida na buɗe shafin, na buɗe bidiyoyin duka, kowanne na jera shi a sama, na rufe murfin. An gama. Ban tambayi kowa ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Sito. Na sa sakata, na buɗe kwamfuta. Wani ɗan zobe sai juyawa yake a tsakiyar allo. Na danna na gaba, shi ma haka. Dukkansu haka.

Na zauna ina kallon zoben har Dogo ya buga ƙofa yana tambayar inda gam yake.

Talata, 9 ga Satumba

Auta ta same ni a falo da kwamfuta a gaba. Ban kira ta ba.

Ta ce, "Baba, buɗewa daban, saukewa daban. Kai leƙawa ka yi ta tagar mutane, ba ka ɗauko kayan ba."

Na ce ban tambaye ta ba. Ta ce ta sani, ta ja kujera.

Ashe a ƙarƙashin kowane bidiyo akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa. Ka danna, ya tambaye ka babba ko ƙarami. Ta ce in ɗauki ƙarami, ba ya cin data, kuma hannu za a kalla ba kwalliya ba. Sai ka jira layin ya cika. In bai cika ba ka rufe, rabin kaya ka ɗauko. Da suka gama sauka ta kashe intanet ɗin gaba ɗaya ta ce, "Danna mu gani." Bidiyon ya yi magana.

Ta ce wane suna za a sa wa foldar. Na ce "Ƙofofi". Ta dube ni, ta rubuta.

Na ce kada ta gaya wa uwarta. Ta ce, "Ai Mama ce ta ce in leƙo ka."

Alhamis, 11 ga Satumba

Na kalli na ɗaya a sito. Mutum biyu ne a ciki. Mai ciwon ya ɗora hannu kan tawul, wata ta riƙe masa wuyan hannu tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar ana yanke wa jariri farce. Na biyu ma haka.

Na goge na ɗaya. Na goge na biyu.

Da zarton aro na fara wannan sana'a, a gindin katangar wani. Ba wanda ya riƙe mini katako. In ba mai riƙewa, kafinta ya san abin yi.

Asabar, 13 ga Satumba

Na haɗa abin. Guntayen katako biyu, na fafe tsakiyarsu daidai wuyan hannuna, na ɗaure ɗaya a kan tebur, ɗayan na sauko da shi da abin matse katako. Hannun ya tsaya cak. Da dama nake buɗe yatsun.

Aikin ya yi kyau. Da hannu ɗaya na yi shi.

Litinin, 15 ga Satumba

Sito. Ba komai.

Laraba, 17 ga Satumba

Ina bin na can gaba, inda mutumin ke murɗa murfin kwalba. Shi yana murɗawa, ni ina kallo. Hannun na zamewa a cikin katakon, sai na ƙara matsewa.

Dogo ya ce, "Oga, ƙofofin nan da kake dubawa kullum, na wane gida ne?" Na ce ya kula da aikinsa. Ban san inda ya ga sunan ba.

Maman Auta ta ce na fara dawowa da wuri. Na ce eh. Tana yanka mini nama ƙanana kafin ta kawo, tana yi kamar haka take yi tun da. Ni ma ina yi kamar ban gani ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Da safe Maman Auta tana miƙo mini riga sai ta tsaya. Ta kama hannun ta juya shi. Wuyan hannun ya yi baƙi zagaye, fatar ta sale ta gefe, yatsun sun kumbura kamar an hura.

Ban san da shi ba. Wallahi ban san da shi ba. Kullum hannun riga na rufe wurin, kuma ba ya ciwo.

Ta ce, "Malam, mene ne wannan?"

Na ce aiki ne.

"Wane aiki?"

Ta ɗauko mayafinta. Asibiti.

Likitar ta wanke, ta naɗe. Ta ce in kwatanta mata abin da na haɗa, na kwatanta. Ba ta yi dariya ba, gara ma ta yi. Ta ce, "Baba, katako ba ya gani. Hannun nan ba ya jin zafi, ba zai gaya maka ka isa ba. Shi ya sa ake sa mutum. Mai riƙewar ne ke ji maka." Ta lanƙwasa yatsun ta miƙe su, ta ce sun fara tauri. Ta ce akwai sauran lokaci, amma ba mai yawa ba.

A mota Maman Auta na kallon titi ta ce, "Na riƙe maka yara, na riƙe maka gida. Hannu ne ba zan iya riƙewa ba?"

Na ce wa direba ya bi ta shago. Ban sauka ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ban fita ba. Hannun na cikin bandeji, ya fi kyan gani haka.

Litinin, 22 ga Satumba

Na kwance abin daga tebur. Katakon mai kyau ne, na jefa wa Dogo na ce ya yi ƙafar kujera.

Na buɗe "Ƙofofi". Daga na uku ya fara. Ba sabis a sito, kuma ba zan kira Auta ba. Ina ta danne-danne sai na ga hoton kwandon shara a kusurwar allo. Na buɗe. Ga su nan su biyu a kwance, ba abin da ya same su. Ashe kwamfuta ba ta zubar da shara sai ka ce mata.

Na mayar da su. Ni kaɗai na gano wannan.

Laraba, 24 ga Satumba

Kumburi ya sauka, an cire bandeji.

Na dawo da kwamfutar gida. Sito ya yi zafi, kuma ƙura za ta lalata ta. Dalilin ke nan.

Da yamma na ajiye ta kan teburin cin abinci, na shimfiɗa tawul, na kunna na ɗaya. Ban kira kowa ba. Ƙarar dai na ɗan ƙara.

Maman Auta ta fito daga kicin ta tsaya a bayana har bidiyon ya ƙare. Ta ce, "Mayar da shi farko." Ta zauna, ta kama wuyan hannun yadda matar ta yi. Ta fara da babban yatsa. Matar cikin bidiyon na sauri, Maman Auta ta ce, "Ke, a hankali, ba mu saba ba." Na nuna mata inda ake tsayarwa.

Muka yi har ƙarshe. Yatsun ba su motsa ba.

Na ce mata hannunta da sanyi, ta riƙa gogewa in ta taso daga wanke-wanke. Ta tsaya. Ta ce, "Me ka ce?" Na ce ba komai, ta ci gaba.

Wataƙila ba ji na yi ba, gani na yi a jiƙe yake.

Na bar kwamfutar a kan teburin. Tawul ɗin ma.