Sunanki a Gefen Zabura

Zuwa ga Lariba, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, matata har gobe ko da kin ce a'a.

Gaisuwa daga Salaga, daga shagona na ɗinkin littattafai, inda kujerarki take nan ba mai zama. Wata uku ke nan da kika tafi Bawku jana'izar mahaifinki, Baba, kika zarce Yendi wurin gwaggonki, kika aiko in rubuto miki takardar saki. Ga takarda na rubuto, amma ba wadda kika nema ba ce.

Na san abin da ya kore ki. Kin buɗe Littafi Mai Tsarki na Baba, shafin farko inda ya jera sunayen 'ya'yansa, kin ga layin da ya ja a kan naki ranar da kika auri Musulmi. Kika ce ya mutu yana fushi da ke, aurenmu ba albarka. Wallahi ni ma haka na ɗauka.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar masu doya, kika karanta mini Zabura da ka? Na tsokane ki, na ce mutanen nan komai sai sun faɗa sau biyu. Kika harare ni, kika ce haka waƙar take, layi na biyu ne ke tallafe na farko kada ya faɗi. Kika ce Baba, shekara talatin yana katikis, mai koyarwa a coci, zaburorin kuka ya fi so, waɗanda bawa ke tsayawa gaban Allah ya zazzage baƙin cikinsa ba kunya. Muryarki a ranar ta fi mini ruwan daɗi.

Makon jiya yayanki ya kawo mini littafin in gyara. Ruwa ya ci bangon, gefen shafukan ya yi baƙi, gara ta yi nata. Na yi masa abin da nake wa kowane tsohon littafi: na warware zaren, na daidaita shafukan, na sa a ƙarƙashin wuƙa na datse gefen don ya fito tas. Ban duba ciki ba. Shekara ashirin ina sana'ar nan, ina cika baki ba mai koya mini, ban duba ba! Sai da na zo shara na ga rubutun biro a jikin abin da na yanke.

Lariba, sunanki ne. A gefen zaburorin kuka, ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa, kowanne da kwanan wata. Na ƙarshe saura kwana tara ya rasu. Tsohon da ya soke ki sau ɗaya a gaban littafi ya rubuta ki sau arba'in da ɗaya a cikinsa, inda ba mai gani sai Allah.

Ni kuwa na yanke. Rabin sunan ya rage a shafi, rabi yana ƙasa. Na durƙusa na tsinta har gwiwata ta ƙage, ashirin da shida na samu, sauran iska ta kai kwata. Da wane baki zan ba ki haƙuri? Abu ɗaya da mahaifinki ya bar miki, hannun mijinki ne ya raba shi biyu. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya yafe ba. Bai rubuta haka ba, suna kawai ya rubuta. Ke kika san shi, ke za ki san abin da yake faɗa wa Allah a kanki.

Ban manna komai ba. Ga littafin nan a hannun direban motar Yendi, guntayen suna cikin ambulan. Ki zauna ki haɗa su da kanki, farin watana. In kin gama kina nan a kan saki, ki zo ki faɗa mini da bakinki, zan rubuta da hannun nan da ya riga ya yi ɓarna. Amma ki sani, tun da kika tafi ni layin farko ne, ba mai tallafe ni.

Naki, da ke ko babu ke, har a sa ni a ƙasa,

Zibrim