Gara Ta Cinye Rumbuna

Zuwa ga Yaya Habu a Agadas,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya jikin Yaya Mariya, ya yara? Mu nan Dungas lafiya, sai abu guda.

Ranar Juma'a na hau rumbu ɗibar hatsi, na tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye dammunan. Ka san mace ba ta leƙa rumbu, Hajara ba ta sani ba. Na maida murfi na yi shiru.

Ga shi gwamnati ta kawo hatsin taimako. Da ana zaɓen mabuƙata a ƙofar mai gari, wani ya ce, "Sani kam rumbunsa ya ishe shi!" Aka yi dariya, har da ni.

Ka san ni, da amalanke guda na fara, ban taɓa miƙa hannu ba. Kullum cewa nake irin taimakon nan ragwanci yake koya wa mutane. Yau bakina ya mutu. Gida cike da yara, damana da nisa. Wallahi tsoro nake ji, Yaya.

Mako mai zuwa za a raba. Ka roƙa mini Allah ƙarfin halin buɗe rumbun nan gaban mai gari, ko a sa sunana cikin mabuƙata.

A gaida kowa.

Ƙanenka,
Sani